Darasin Buta

Taswirar makarantarmu gara ta cinye,
ta bar mana teku da gefen Barno.
Shi ya sa ran Laraba na shiga aji biyar
da buta da takardar buhun siminti.
Na dunƙule ta, na ware ta bisa tebur,
ta yi tudu, ta yi kwari,
ta yi tamoji irin na goshin kakata.
Na ce, ga Kwatarkwashi. Aji ya ɗauki dariya.

Na goga shuɗin alli a kan kowane tozo,
na karkata buta kaɗan.
Ruwa bai tambayi kowa hanya ba.
Ya bi gangare, ya haɗu da ɗan'uwansa,
biyu suka zama ɗaya, ɗaya ya yi ƙiba,
ya taru a lungun da Tsalha ya ɗora gwiwar hannu,
ya jiƙa masa riga. Aka sake dariya.

Na ce, duk ƙasar da ke miƙa ruwanta wuri guda
gida ɗaya ce, ko mutanenta ba sa ga maciji.
Tudu ne katangarta.
Ɗigo biyu sai su faɗo tare daga hadari ɗaya,
tsakaninsu bai fi taƙi ba,
wannan ya nufi gabas, wancan yamma,
ba su ƙara gamuwa sai ko a teku.

Da aka yi ruwa daren Asabar,
Litinin muka fita da sassafe.
Dutse yana ta zubar da sauran hawayensa.
Muka bi zaren ruwa daga gindinsa:
ya ratsa gonar gero, ya ɗauki ja,
ya bi ta bayan mahauta, ya ɗauki abin da ya ɗauka,
ya tsaya gaban shagon mai gyaran babur,
ya fito da bakan gizo kwance a bayansa.

Ige ce ta tsaya cak.
Gidansu na can ƙasa, inda rafi ke hutawa,
inda ake tonon yashi da rani a kafa tulu.
Ta dubi ruwan, ta dubi Lauwali,
wanda babansa ke da shagon.
Ta ce, Malam, ashe baƙin mansu muke sha?

Ban shirya wannan a littafin darasi ba.
Lauwali ya sunkuyar da kai
yana tonon laka da babban yatsa.
Can ya ce, to ku ma wa ke shan wankinku?
Na ce ku bi shi da ido.
Akwai Gusau, akwai Bakalori,
akwai wata yarinya a Argungu da ba ku san sunanta ba,
ita ma da tulunta.
Kowa a nan na saman wani ne, kuma na ƙasan wani.

Baba Ɗan'umma mai gadi, da ya biyo mu da sanda,
ya yi tsaki, ya ce wannan ne karatun?
Ai tun muna yara aka hana mu sare kiryar bakin rafi,
ba a dai ce mana don me ba.
Ya nuna kututture uku da bakin sandarsa,
da zaizayar da ta buɗe baki a gefensu.

Ran jarrabawa na ce a zana matattarar ruwa.
Wasu sun zana takardar siminti, har da butar.
Lauwali bai yi zane ba. Layi biyu ya rubuta,
da kuskuren rubutu har uku:
na kai wa Baba tsohuwar jarka,
yanzu a ciki yake juye man.

Na daɗe riƙe da jan biro.
Ban san makin da ake ba jarka ba.